Gidan Ɗan Hausa: Gidan gonar sarki da boko ya fara sauka a cikinsa

Matafiyin da ya taso daga Wudil ya nufi Kano yakan ratsa gonakin dawa da gero a hagu da dama, kafin gine-gine su fara cinye filin a wajajen Mariri da Hotoro. Idan ya kutsa unguwar Nassarawa, inda Gidan Gwamnati yake, abin da zai gani shi ne dogayen katangun bulo da ƙofofin ƙarfe da masu gadi. A cikin wannan unguwa, wadda filinta na daga cikin mafiya tsada a jihar, akwai wani gida na jar ƙasa mai zankaye a kusurwoyinsa. Shi ne Gidan Ɗan Hausa. Lokacin da aka aza tubalinsa na farko, Nassarawa gona ce irin waɗanda matafiyin ya baro a hanya, gidan kuwa na mai kula da gonar ne.

A yau gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, an kuma mayar da shi gidan adana kayan tarihi. A takarda ke nan yana da kariya. Sai dai ginin ƙasa bai san takarda ba. Abin da ke riƙe da shi a tsaye shi ne yaɓe kafin damina, da maginin da ya iya, da kuɗin da ya fito a kan lokaci.

Daga gandu zuwa barikin Turawa

Sarakunan Kano ba su taɓa taƙaita zamansu ga Gidan Rumfa kaɗai ba. Suna da gidaje a wajen ganuwa, kowanne da dalilin kafa shi. Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya riƙi Fanisau a matsayin ribaɗi domin tare hare-haren Ɗan Tunku daga arewa, kuma a can ne Baturen nan mai yawon buɗe ido, Hugh Clapperton, ya same shi a 1824. Akwai gidan Ɗorayi a yamma da birni. Akwai Takai, gaba da Wudil, inda Yusufawa suka yi sansani a lokacin Yaƙin Basasa da ya ɓarke a 1893. Sannan akwai Nassarawa, daf da birni ta gabas.

A kewayen irin waɗannan gidaje ne gandayen sarki suke, wato manyan gonakin da hatsinsu ke ciyar da fada da dawakanta da baƙinta. Ɓangaren labarin da ba shi da daɗin faɗa shi ne bayi ne ke noma su, a ƙarƙashin kulawar manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Masanin tarihi Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi sukutum a kan gandun Fanisau, wanda ya fito a 2011. Ko bayan zuwan Turawa bautar ba ta ƙare nan take ba: dokar Lugard ta 1901 ta 'yanta yaran da za a haifa daga wannan shekara ne, ba a kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Duk wanda ya tsaya a farfajiyar Gidan Ɗan Hausa, a kan tsohon gandu yake tsaye.

Ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka ci Kano, a lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Aka naɗa Muhammadu Abbas a madadinsa. Turawa ba su so zama a cikin birni ba, saboda tsaro da kuma tsoron cututtuka, don haka suka sauka a Nassarawa. Daga wannan sauka ne gonar sarki ta fara rikiɗa ta zama unguwar masu mulki, kuma har yau ba ta sauka daga wannan matsayi ba.

Wane ne Ɗan Hausa?

Sunansa na yanka Hanns Vischer. An haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876, ya yi karatu a Kambirij, daga baya ya zama ɗan ƙasar Birtaniya. Da farko aikin mishan ne ya kawo shi ƙasar nan a 1901. Bayan kamar shekara biyu ya ajiye shi ya shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka, aka tura shi Barno. A 1906 ya ƙetare Sahara da ayari daga Tarabulus zuwa Barno, tafiyar da ya ba da labarinta a wani littafi da ya buga a 1910. Yana jin Hausa da Larabci da Fulatanci da Barbarci, kuma ƙwarewarsa a Hausa ce ta sa aka yi masa laƙabin da ya binne sunansa na asali.

Da gwamnati ta yanke shawarar buɗe makarantarta ta farko a Arewa, shi aka ɗora wa aikin. Sarakuna ba su yarda da makarantun mishan ba, Turawan mulki kuma ba su so abin da zai ɓata tsakaninsu da sarakuna. Vischer ya je Masar da Sudan ya ga yadda ake koyarwa a can, ya dawo ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909, a zamanin Sarki Abbas. Gidan mai kula da gonar sarki aka ba shi ya zauna, shi kuma ya faɗaɗa shi. An fara da horar da malamai, sannan aka kawo 'ya'yan sarakuna daga masarautu daban-daban, aka kuma buɗe sashen koyon sana'o'in hannu. Da Hausa ake koyarwa, cikin haruffan Romawa. A 1912 Vischer ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da waɗannan haruffa. Haruffa masu lanƙwasa da mai karatu ke gani a wannan shafi sun zo ne daga baya, a shekarun 1930, amma tushen rubutun a wannan farfajiya aka kafa shi.

Mutanen gari ba su karɓi abin hannu bibbiyu ba. Malamin da ya fara shigowa a matsayin ɗan mishan, ya kuma zo da rubutun da zai ture ajami daga ofis da kotu, dole a yi masa kallon biyu. Masanin harshe Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar boko ba daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi ta fito ba. Tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus ko abin da ba na gaskiya ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Sunan da aka raɗa wa sabon karatun ya isa ya nuna yadda aka ɗauke shi.

Yaƙin Duniya na Farko ne ya raba Vischer da Kano. Bai sake riƙe aiki a nan ba, ya rasu a 1945. Makarantar Nassarawa ta haifi makarantun larduna, sannan Kwalejin Katsina ta biyo baya a farkon shekarun 1920, inda su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Gidan kuwa Turawan gwamnati suka ci gaba da zama a cikinsa har zuwa samun 'yancin kai a 1960.

Yadda aka gina shi

Gidan yana amsa sunan mutumin da ya zauna a cikinsa na 'yan shekaru, alhali hannun da ya cuɗa ƙasarsa na maginan Kano ne, waɗanda ke da sana'arsu ta gado da shugabansu, Sarkin Gini. Vischer bai kawo dabarar gini daga Turai ba. Abin da ya kawo shi ne bukata: ɗakuna da tagogi irin na zaman Bature. Gidan Bahaushe na gargajiya ciki yake kallo. Daga zaure a shiga shigifa, daga shigifa a isa cikin gida, tagoginsa ƙanana ne kuma a can sama, domin sirrin iyali. Gidan Ɗan Hausa waje yake kallo, yana buɗe ido ga lambu da iska. Amma kowane bango da kowane rufi da dabarar gida aka yi shi.

Irin wannan aiki daga kududdufi yake farawa. Ana haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake tattakewa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini yana zaune a kan bango, ana jefo masa tubali yana cafewa, yana jera su a tsaye yana cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yakan fito da kauri sosai a gindi, ya riƙa sirancewa yana hawa. Wannan kauri shi ne na'urar sanyaya ɗakin zamanin: bango ya shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi sannan ya sake shi. Da bazara ɗakin soro da sanyi, da hunturu kuma da ɗumi, ba tare da an jira wutar lantarki ba.

Inda gwani ke bambanta da ɗan koyo shi ne rufi. Azara ake amfani da ita, wato tsagin kututturen giginya, domin gara ba ta cika cin ta ba. Amma azara tana da iyaka: idan tazarar da za ta ƙetare ta wuce kimanin mita biyu, nauyin ƙasar da ke samanta zai lanƙwasa ta. Saboda haka ko dai a yi ɗaki siriri, ko a kafa ginshiƙi a tsakiya, ko kuma a yi bakan gizo. Wajen yin bakan gizo, magini yana dasa azara a cikin bango daga ɓangarori biyu, kowane sahu ya ɗan zarce na ƙasansa yana karkatowa ciki, ana ɗaure su da igiya sahu bayan sahu har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe su da ƙasa. Idan bakuna suka gitta juna sai a sami ɗaurin guga, wanda ke ɗaukar tulluwa. Wanda ya ɗaga kai a cikin soro ya ga layuka masu lanƙwasa suna haɗuwa a sama, ƙashin ginin yake gani. Wannan dabara ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa da ita a Masallacin Juma'a na Zariya, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu.

Bayan an jera azara a sama, sai a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a daɓe. Daga nan sai babban abokin gaba, wato ruwan sama. Rawanin da ke kewaye da rufi yana tattara ruwa ya tura shi zuwa indararo, indararo kuma ya watsa shi nesa da gindin bango. Zanko ado ne, amma nauyinsa yana danne kusurwa, wurin da ruwa ya fi saurin ci. Sai kuma fatar ginin. Bango ana yaɓe shi da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Rufi kuwa laso ake yi masa, shi kuma haɗi ne na katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara daga daji.

Wannan jeri na kayan aiki shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kai. Gida irin wannan ba magini kaɗai ya gina shi ba. Da hannun marini da majemi da manomin da bai sare ɗorawar gonarsa ba. Karofin da ya daina aiki ya daina ba da katsi. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa azara, kuma an fi saurin sare ta fiye da dasa ta. Ɗan maginin da ya ga babu ciniki a tubali, bulo zai koya, kuma babu mai ganin laifinsa. Idan waɗannan suka ɓace, ko an ware biliyoyin naira babu inda za a sayo gyaran.

Daga nan ne ɓarnar da ta fi kowace yawa ke shigowa, wato gyara da siminti. Ɗan kwangilar da bai san ƙasa ba yakan ga filasta ita ce mafita. Amma siminti da ƙasa ba sa numfashi tare. Danshi ya shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, ƙasar da ke ciki ta riƙa narkewa a ɓoye, fuskar bango tana sheƙi, har ranar da za ta ɓalle gaba ɗaya. An ga haka a gine-ginen ƙasa da dama a Afirka ta Yamma.

Kariya ta wa, kuma daga wa?

Dokar kare kayan tarihi a Najeriya ta faro tun 1953, aka kuma maye gurbinta da doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Wurin da aka ayyana a ƙarƙashinta, laifi ne a rushe shi ko a sauya masa kama ba tare da izinin hukumar ba. Gidan Madaki na Kafin Madaki a Jihar Bauchi, wanda shi ma ake danganta aikinsa ga Babban Gwani, yana cikin na farko da aka ayyana a 1956. A Kano akwai Gidan Makama, da ganuwa da ƙofofinta, da tsohon masallacin Bebeji.

Ganuwar ita ce ma'aunin ƙarfin wannan doka. Tana da kariyar tarayya, tun 2007 kuma tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO domin a duba yiwuwar sanya su cikin kayan tarihin duniya. Duk da haka mazauna birni shaida ne a kan yadda aka yanka sassanta filaye, aka kwashe ƙasarta, aka sake gina wasu ƙofofinta da siminti domin faɗaɗa titi. Idan abin da ke da wannan daraja ya ga haka, gidan da ke hannun hukumar jiha kariyarsa ta dogara ne kacokan a kan ra'ayin gwamnatin da ke ci. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna. Kanawa kuma sun ga yadda gwamnati ɗaya ke raba filayen jama'a, wata ta zo da katafila, kamar yadda aka yi a watan Yunin 2023, lokacin da rusau ya haɗa har da shataletalen da ke kusa da Gidan Gwamnati.

Maƙwabcin Gidan Ɗan Hausa, wato Gidan Sarki na Nassarawa, ya nuna wata fuskar lamarin. A nan ne maƙabartar da aka binne sarakuna irin su Abdullahi Bayero da Ado Bayero take. Ranar 23 ga Mayun 2024 Majalisar Dokokin Kano ta soke dokar masarautu ta 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mayar da Muhammadu Sanusi II kan karaga, bayan kwana biyu kuma Aminu Ado Bayero ya dawo gari ya sauka a gidan Nassarawa. A watan Yuni gwamnatin jiha ta sanar da shirin gyara gidan, har da rushe katangar da ta ce ta lalace a sake gina ta. Kowane ɓangare ya fassara sanarwar daidai da inda ya tsaya a rikicin. Muhawarar ta kasance a kan wanda ke cikin gidan, shi kansa ginin da tarihinsa ba su sami mai magana da yawunsu ba.

Wudil ba baƙuwa ba ce a wannan labari. Makaman Kano, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki, shi ne a al'adance hakimin Wudil, kuma sunan sarautarsa Gidan Makama ke amsawa, gidan da tarihi ya nuna Muhammadu Rumfa ya zauna a ciki a ƙarni na 15. A Wudil ne kuma Sarki Muhammadu Sanusi na Farko ya ƙare rayuwarsa. Ya yi murabus a 1963 bayan binciken da gwamnatin Jihar Arewa ta sa aka yi a kan kuɗin En'e ta Kano, ya yi shekaru a Azare, sannan aka ba shi damar dawowa ya zauna a Wudil har rasuwarsa a 1991. Gidan sarki na wajen gari a ƙasar Kano ya sha zama wurin hutawa, ya kuma sha zama wurin da siyasa ke ajiye wanda ta ture.

Akwai matasan da za su ce, me ya sa talakan Kano zai biya kuɗin kula da gidan jami'in mulkin mallaka? Tambayar tana da tushe. Ɗaliban Jami'ar Cape Town sun sa an cire gunkin Cecil Rhodes a 2015, masu zanga-zanga a Bristol ta Ingila kuma sun jefa na Edward Colston cikin ruwa a 2020. Amma gunki girmamawa ce da aka ƙera, gida kuwa shaida ce da ta rage. A cikin farfajiya ɗaya ana iya nuna wa ɗalibi gandun bayi, da saukar Turawa, da farkon boko, da gwanintar maginan birni. Rushe shi ba zai rage wa Vischer komai ba, Kano ce za ta rasa hujjarta. Abin da ya dace a nema shi ne a faɗi labarin duka, har da sunan gandu da waɗanda suka noma shi.

Maƙwabta sun nuna abin yana yiwuwa. A Djenne ta Mali, duk shekara gari ke fitowa ya yaɓe babban masallacinsa a rana ɗaya. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin UNESCO a 2013. Masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1986. A duk waɗannan wurare sana'ar tana raye ne domin ana ba maginan aiki. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil tana da sashen koyar da zanen gine-gine, kuma tsakaninta da Nassarawa tafiyar kamar sa'a ɗaya ce. Ɗalibanta na iya auna gidan ɗaki bayan ɗaki, su zana shi, su zauna da tsofaffin magina su rubuta ma'aunin laso da makuba, kamar yadda Zbigniew Dmochowski ɗan ƙasar Polan ya yi wa gine-ginen Arewa, aikin da ya haifar da gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos.

Mai son sanin halin da gidan ke ciki ba ya bukatar izinin kowa, domin a buɗe yake ga masu ziyara. Ya duba gindin bango ko danshi ya fara cin sa. Ya duba indararo ko yana watsa ruwa nesa ko a jikin bango yake tsiyaya. Ya ɗaga kai ya ga ko akwai tabon yoyo a jikin bakan gizo, ya kuma ƙwanƙwasa bango ya ji ko ƙasa ce ko filasta. Daga nan ya buɗe kundin kasafin kuɗin jiha ya nemo layin Hukumar Tarihi da Al'adu, ya tambayi abin da aka ware, da abin da aka saki, da watan da aka sake shi. Watan yana da muhimmanci. Ɗorawa da bazara take nuna, yaɓe kuma kafin ruwan farko ake gama shi. Kuɗin da ya fito a watan Agusta zai tarar ruwa ya riga ya shiga bango.